Digirin Jinya: Bakin Gado Ko Filin Jirgin Sama?

Duk wanda ya sa ido a kan yadda ake neman shiga jami'a a 'yan shekarun nan ya san aikin jinya ya shiga sahun fannonin da ake rububinsu. Yarinyar da a da in ta ce nas take so ta zama sai an kai ruwa rana da iyayenta, yau iyayen ne da kansu ke yawo da takardunta ofis-ofis suna neman wanda zai sa baki. Samari ma sun shigo. A jami'o'i da dama makin da ake yankewa na shiga sashen jinya ya kusa taka na likitanci. Da a ce ƙaunar marasa lafiya ce ta sauka a zukatan jama'a dare ɗaya, da sai mu yi hamdala mu ja bakinmu mu yi shiru. Amma mu da muke zaune cikin azuzuwan, muke kuma jin hirar da ake yi a gindin bishiya bayan an tashi daga lacca, mun san ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan hirar nan ta jarrabawar Turanci ce da ake yi kafin a tafi Ingila, da kuɗin biza, da labarin wance da ta tafi bara har ta fara gina wa mahaifiyarta gida.

Ba mu ɗauki alƙalami don mu zargi kowa da kwaɗayi ba. Abin da muke son 'yan'uwanmu ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, su duba tare da mu shi ne wannan: digirin jinya abu ne da ƙasar nan ke bukata ƙwarai da gaske, amma amfaninsa duka a bakin gadon mara lafiya yake, ga shi kuwa yadda ake tafiyar da shi yanzu, tun daga ranar ɗaukar ɗalibi har ranar da zai karɓi takardarsa, kusan kome yana ingiza mai digirin ne ya yi nesa da gadon nan.

Bari mu ɗan waiwaya baya. A zamanin Turawa an ɗauki jinya sana'ar hannu ce, wadda ake koyo kamar yadda yaron maƙeri ke koyon ƙira. Akan ɗauki yaro ko yarinya da suka iya karatu da rubutu, a sa su a asibitin gwamnati ko na mishan ko ɗakin shan magani na En'e, su koyi wanke miki da ɗaure shi da yin allura a ƙarƙashin wata sista Baturiya. An yi dokar aikin unguwarzoma a 1930, aka kafa majalisar kula da aikin jinya a 1947, sa'an nan dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe su suka zama majalisa ɗaya, wadda har gobe ita ke ba da lasisin aiki. Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a makarantar nan da Florence Nightingale ta kafa a Landan a 1860, ita ce 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci nas-nas na asibitin koyarwa na Badun a 1964, bayan shekara guda kuma ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa baki ɗaya. A 1965 ɗin ne Jami'ar Badun ta buɗe sashen digirin jinya na farko a Nijeriya, amma na waɗanda suka riga suka zama nas ne, domin a sami malamai da shugabanni. Jami'ar Ife ce a 1973 ta fara ɗaukar ɗalibi daga sakandare kai tsaye ta yaye shi da digirin jinya. Mu a Arewa an fara koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello tun 1967, amma sai da aka share shekaru masu yawa kafin a ga ya dace a ba jinya kujera a jami'a. Yau kam akwai sashen a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, ban da jami'o'in jihohi da na 'yan kasuwa.

Har yanzu akwai dattawa, cikinsu har da likitoci, masu tambaya wai me ke cikin allura da awon zafin jiki da gyaran gado da zai ci wa mutum shekara biyar. Tambaya ce da ta cancanci amsa. Likita yakan zagaya da safe, ya tsaya kan mara lafiya 'yan mintoci, ya rubuta abin da zai rubuta, ya wuce tiyata ko wurin ganin masu jira a waje. Wadda ke saura a ɗakin sa'a takwas ko goma sha biyu ita ce nas. Mu ɗauki mace da ta haihu da asuba lafiya lau, aka gyara ta aka kwantar. In mahaifarta ba ta tsuke ba, jini yana zuba a hankali cikin zane, ita ma ba ta sani ba. Ma'aunin hawan jini ba zai nuna kome ba da farko, domin jikin mace mai jego yakan jure asarar jini mai yawa kafin ya gaza. Abin da ke fara sauyawa shi ne bugun zuciya, ya dinga sauri. Nas ɗin da ta san dalilin haka ba za ta rubuta lamba a takarda ta wuce ba; za ta ɗaga zane ta duba, ta ɗora hannu a mara ta ji ko mahaifa ta yi tauri, ta murza ta, ta yi allurar oksitosin, ta sa ƙarin ruwa, ta aika a kira likita alhali hannunta na kan aiki. Haka nan mai ciki da ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi, fuska ta kumbura. Wanda bai sani ba sai ya ba ta maganin ciwon kai. Wanda ya sani ya san jijjiga ce ke sallama, in kuma an fara ba ta magnisiyam salfet ya san dole a riƙa ƙirga numfashinta, ana auna fitsarinta, ana buga mata gwiwa a ga ko ƙafa na zabura, don maganin da ke hana jijjiga shi ne in ya yi yawa yake tsayar da numfashi. Maganin jariri kuwa da nauyinsa ake lissafa shi, ɗigo ɗaya da ya kauce a kan takarda sai ya ninka maganin sau 10.

Tsofaffin nas-nas da suka fito daga makarantun asibiti sun san waɗannan abubuwa, da yawansu ma hannunsu ya fi namu sani nesa ba kusa ba. Abin da jami'a ta yi alkawarin ƙarawa shi ne sanin dalili: ilmin sassan jiki da yadda suke aiki, da ilmin magunguna, da iya karanta bincike a gane mai ƙwari da maras ƙwari, da iya tsayawa gaban likita da hujja a ce wannan adadi ya yi yawa, a sake dubawa. Wannan ba tatsuniya ba ce, an auna. A 2014 mujallar Lancet ta buga binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka yi a asibitoci 300 cikin ƙasashen Turai 9, a kan marasa lafiya fiye da 400,000 da aka yi wa tiyata. Sun tarar duk sa'ad da yawan masu digiri cikin nas-nas na asibiti ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, haɗarin mutuwar mara lafiya cikin kwana 30 yakan ragu da kashi 7 cikin 100. Ingila ma tun 2013 ta mai da digiri shi ne ƙofar shiga aikin jinya.

Ɗaliban jinya na son ambaton wannan bincike, mu ma mun ambace shi. Sai dai akwai abu biyu a cikinsa da ba a cika son faɗi ba. Masu digirin da aka ƙirga waɗanda ke tsaye a kan marasa lafiya ne, ba a ƙirga na ofis ba. Sa'an nan binciken nan dai ya nuna cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take dubawa, haɗarin mutuwa yakan ƙaru da kashi 7 cikin 100. Watau abin da digiri ya saka, cunkoso na iya warware shi. To, ina ga ɗakin da nas ɗaya ke dutin dare a kan gado talatin ko arba'in, fitilar wayarta a baki don wuta ta ɗauke?

Ga wanda bai san tsarin karatun ba, shekara biyar ne ga wanda ya shigo daga sakandare, huɗu ga nas mai lasisi da ya shigo aji biyu. Shekarar farko ta kimiyya ce zalla, ta biyu ta sanin jikin ɗan Adam, daga nan a fara raba lokaci tsakanin aji da asibiti. Kafin a fita sai an zauna jarrabawar majalisa ta zama nas, da ta unguwarzoma, wasu jami'o'in har da ta lafiyar jama'a. Bayan digiri akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, da shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Shekara bakwai ke nan in malamai ba su tafi yajin aiki ba, na 2022 kaɗai kuwa wata takwas ya ci.

A tsakiyar waɗannan shekaru, wurin da ya kamata hannu ya faɗa, a nan ɓaraka ta fi girma. A 2025 ministan ilmi ya ba da sanarwar cewa an ɗaga adadin ɗaliban jinya da aka yarda a ɗauka kowace shekara daga 28,000 zuwa 115,000. An tafa, mu ma ba mu ƙi ba, ƙasa na bukatar ma'aikata. Amma gadajen asibitocin koyarwa ba su ninka sau huɗu ba, malamai ma haka, masu haihuwa a asibiti ma haka. Aji ana iya faɗaɗa shi da lasifika da ƙarin benci. Sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar yaron da gudawa ta tsotse ba a koyonsa da lasifika, sai mutum ya riƙe hannun yaron, ya kuskure, wani gwani na tsaye kansa yana gyara masa. Abin da muke gani in an tura mu asibiti shi ne gado ɗaya an yi masa ƙawanya: ga ɗaliban digiri, ga na kwalejin jinya, ga na unguwarzoma, ga ɗaliban likitanci, ga na lafiyar al'umma, kowa da littafinsa na sa hannu yana ɗaga wuya. Na gaba ya gani, na baya ya ji labari, a ƙarshe duka a sa musu hannu sun yi. Ba ma a zancen ita baiwar Allah da ke naƙuda, wadda ta zo asibiti da kyar bayan an sha fama da mijinta, ta buɗe ido ta ga mutum ashirin a kanta. Gobe in ta ce a gida za ta haihu, wa zai ga laifinta?

Nan ya kamata mu ja kunnen duk mai ƙane ko ƙanwa da ke neman wannan karatu. Amincewa biyu sashen jinya ke bukata: ta hukumar kula da jami'o'i, da ta majalisar jinya, wadda ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a yi wa rajista su zauna jarrabawarta. Makarantar da ta ɗauki fiye da ƙa'ida, rarar ɗalibanta sai su gama karatu su zauna jiran layi, wanda kuwa ba shi da lasisi ba shi da ikon taɓa mara lafiya kome kyan digirinsa. A tambaya tun kafin a biya kuɗi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma maganar da ba ta da daɗin ji, wadda ta shafe mu kai tsaye. Akwai tsattsamar dangantaka tsakanin masu digiri da waɗanda suka fito daga makarantun jinya na asibiti, har masu digirin sun kafa ƙungiyarsu dabam. Ana samun ɗalibin aji huɗu da ke ganin wanke mara lafiya da juya shi da sauya masa zanen gado sun yi masa ƙanƙanta, shi an halicce shi ne don fayil da tebur. Ana kuma samun sistar da ta shekara ashirin da biyar tana dutin dare, ta ga yaron da ta koya wa riƙon sirinji an ɗauke shi aiki a matakin da ita sai da ta yi shekaru kafin ta taka, sai ta kame hannunta ta ce tun da shi mai digiri ne ya yi da kansa. Wanda ke shan wahalar wannan gaba yana kwance a tsakaninsu bai san ma ana yi ba. Juya mara lafiya kowace sa'a biyu da ake raina wa shi ne ke hana bayansa ya ruɓe da gyambon kwanciya, a wurin wankan nan ne kuma ake ganin kumburin ƙafa da ƙurajen da mai su bai faɗa wa likita ba. Mai digirin da ya bar wa dangi wannan aiki ya bar wurin da ilminsa zai yi amfani.

Gwamnati ta mai da tsofaffin makarantun jinya kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba, shekara biyu-biyu. An yi haka da kyakkyawar niyya, don kada nas ya fita da lasisi kaɗai ba takardar ilmi. Amma yayyenmu ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin rikicin da ke tsakanin mai babbar difloma da mai digiri a wajen ƙarin girma, rikicin da ya daɗe yana cin zukatan injiniyoyi da akantoci a kowace ma'aikata. Ga shi an ɗauko shi ɗungurungum an shigar da shi ɗakin marasa lafiya. Mu a ganinmu abin da ya dace shi ne a kafa tsani mai sauƙin hawa. Karatun digiri daga nesa da Jami'ar Ahmadu Bello da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ke bayarwa ga nas-nas masu lasisi hanya ce mai kyau, sai dai ma'aikatun lafiya na jihohi su riƙa ba da hutun karatu da albashi ba sai mutum ya san wani ba. Sa'an nan jami'a ta ɗauki ƙwararrun sistocin nan ta ba su muƙamin malaman aiki a asibiti, da alawus da takarda, kowace da ɗalibai biyar ko shida da za ta amsa sunansu. Yanzu kyauta suke koyar da mu, a kan aikin da ya riga ya fi ƙarfinsu, sa'an nan a yi mamakin wai ba su da fara'a. Ko Ingila da ta koma digiri ba ta karɓe lasisin kowa ba, masu difloma sun ci gaba da aikinsu.

In an fita kuma sai a tarar da wani dogon layi. Wuraren yin shekarar sanin makamar aiki ba su kai yawan masu fita ba, sai a shekara ana nema, mai uwa a gindin murhu ya samu. Jihohin da ke kukan ƙarancin ma'aikata su ne ke shekara da shekaru ba su ɗauki sababbi ba. Asibitocin gwamnati cike suke da masu aikin sa kai da na wucin gadi, na kuɗi kuwa albashin da wasunsu ke biya ba ya kai mutum ƙarshen wata a kuɗin mota. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan majalisar jinya ya ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Maganin da majalisa ta kawo a wannan wata shi ne ba za ta tantance wa kowa takardunsa don aiki a waje ba sai ya yi shekara biyu yana aiki a gida, abin da ya fitar da nas-nas zanga-zanga a Abuja da Ikko. Yaya za a nemi shaidar aikin shekara biyu daga wanda aka ƙi ɗauka aiki? A ƙarshen Yuli na 2025 ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka tafi yajin gargaɗi, cikin bukatunsu har da a buga tsarin aikinsu da aka amince da shi tun 2016 a Minna, da a riƙa rarraba masu digiri wuraren sanin makamar aiki daga cibiya ɗaya. A lokacin, takardar da aka yarda da ita ta riga ta shekara tara tana jiran a buga ta.

Saboda haka ba mu ga laifin wanda ya tafi ba, yana da iyaye da ƙanne. Amma a yi lissafi. Jami'ar gwamnati da asibitin koyarwa da dukiyar jama'a ake riƙe su, jikin talakawa kuma shi ne allon da muke koyon karatu a kai. Matar ƙauyen da ta haƙura ɗalibi ya soke ta sau uku kafin ya sami jijiya ta biya nata kason na wannan digiri. In an gama sai a je a yi jinyar tsofaffin Ingila, inda Nijeriya ke cikin ƙasashe uku da suka fi aika nas-nas, tare da Indiya da Filifin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 waɗanda bai kamata a je ana farautar ma'aikatan lafiyarsu ba, amma wannan jeri bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ta intanet ba, kuma bai kamata ya hana ba.

Abin ya fi ciwo a nan Arewa. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya tarar kashi 43 cikin 100 ne kaɗai na haihuwa ƙwararre ke karɓa, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Kowa ya san ɗaya daga cikin dalilan: maigida ba ya yarda namiji ya karɓi haihuwar matarsa, asibitin ƙauye kuwa ba mace. Wace ce za ta zauna a ƙauyen? 'Yar ƙauyen, wadda gidan ubanta ko na mijinta ke can. Amma ita ba ta shiga sashenmu, domin makarantar da ta yi ba malamin fiziks, ba ɗakin gwaji, makinta na JAMB ba zai taɓa kama na 'yar makarantar kuɗi ta birni ba. In dai maki kaɗai za a bi, jami'a za ta ci gaba da cika aji da waɗanda ba su taɓa kwana a ƙauye ba, ba kuma za su fara bayan digiri ba.

An riga an gwada wata hanya. Tsakanin 2012 da 2020 wani shiri da gwamnatin Ingila ta ba da kuɗinsa ya yi aiki a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ana ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, da yardar iyaye da mazaje da masu gari, a ba su shekarar share fage su gyara kimiyyarsu, sa'an nan su shiga makarantun jinya da unguwarzoma bisa alkawarin komawa gida. Me zai hana jami'a ta ware kujeru irin wannan, kowace ƙaramar hukuma ta sami nata? Iyayenmu da suka yi karatu da kuɗin gwamnatin jiha sun san yarjejeniyar da akan sa wa hannu, ta cewa za ka yi wa jiha aiki shekara kaza. Yarjejeniyar ta yi aiki a lokacin domin ita ma gwamnati tana cika nata: takardar kama aiki na jiranka tun ba ka gama jarrabawa ba. A dawo da ita a haka, da albashi kan lokaci da gida mai ƙofa da katanga kusa da asibiti, za a ga masu zama. Iyayen da har yanzu ke ganin jinya aikin rashin kamun kai ne saboda dutin dare, sai a tuna musu da Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

Akwai kuma wani bashi da ke wuyan jami'a wanda kwaleji ba ta ci ba, watau bincike. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura mata masu jego da yawa na zuwa da ciwon zuciya, suka danganta abin da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da shan kunun kanwa. Aka yi shekaru ana koyar da haka kamar karatun allo. Daga baya binciken likitocin zuciya, musamman a Kano, ya sa shakka a kan wannan bayani, ya karkata ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin siliniyam a jiki. Tambaya irin wannan a ƙofar nas take, don ita ke shiga gidaje, ita mai jego ke gaya wa abin da ba za ta gaya wa likita ba. Me mace ke nufi in ta ce tana da sanyi, ko yaro na da shawara, ko haƙori ne ke sa shi zawo? Kwana nawa 'yar fari ke ɓoye naƙuda don kunya kafin a sani? Wa ke yanke shawarar a nemi mota, kuma nawa ake biya daga ƙauye zuwa babban asibiti da dare? Da Turanci ake koyar da mu, da Hausa da Fulatanci da Barbarci za mu yi aiki, amma ba a ware ko zango ɗaya don wannan ba. Kundayen da 'yan ajin ƙarshe ke rubutawa kuwa, in ka ɗaga goma a laburare, da yawansu takardar tambayoyi ce iri ɗaya aka raba wa 'yan'uwa ɗalibai a ɗakin kwana, aka sauya suna da shekara.

Za a ce duk wannan maganar kuɗi ce, kuɗi kuwa babu. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron kuwa shekara da shekaru a wajen kashi 5 take yawo. Gaskiya ne, kuma wannan ya fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai. Amma akwai abin da bai fi ƙarfinta ba. Wakilanmu na zama da hukumar jami'a, sai su nemi a fito da lambobi a liƙa a allon sanarwa kafin ɗaukar ɗalibai na gaba: mutum nawa majalisa ta yarda a ɗauka, nawa aka ɗauka, malamai nawa ke bin ɗalibai asibiti, gado nawa ake koyo a kai. Sa'an nan a gaya mana inda 'yan azuzuwa biyar da suka fita baya suke a yau: nawa ke bakin gado a jihohinsu, nawa ke ofis, nawa ke zaune a gida ba aiki, nawa suka tsallaka. In hukuma ta ce ba ta da wannan lissafi na ƙarshe, shugabannin azuzuwan nan suna da lambobin wayar 'yan ajinsu, ana iya haɗa shi cikin mako biyu, Edita kuma ya ba mu shafi a fitowa ta gaba mu buga shi.